Na'urar da Kowa Ke Yabo

Sai-na-gani ta ture takardun kamfanoni biyu da ke neman kwangila gefe kamar masu wari. Sunan da ma'aikata suka laƙaba mata ke nan, kuma tana sane, har daɗinsa take ji. Ita ce shugabar kwamitin ba da kwangila. A ganinta sauran 'yan kwamitin ba abin da suka iya sai shan shayi da gyaɗa kai.

Kwangilar ta na'urar ɗaukar shaidar yatsa ce, wadda za a kafa a ƙofar kowane ofishin gwamnati: ma'aikaci ya buga lambarsa, ya ɗora yatsa, a san ya zo. Da ita ake so a kama masu cin albashi suna kwance a gida. Wadda aka sayo bara ba ta je ko'ina ba ta mutu, kuma Minista ya faɗa wa Sai-na-gani a bainar jama'a cewa in aka kuma, to ta yi sallama da kujerarta.

"Takarda kowa ya iya cika ta da ƙarya," in ji ta. "Zan je inda suka taɓa yin aiki, in gane wa idona."

Kamfanin farko na wani dogo ne mai koɗaɗɗiyar riga, wanda ko murmushin neman kwangila bai iya ba. Tun daga ƙofar ofishin da ya yi wa aiki ranta ya ɓaci, don direbanta ya rasa inda zai ajiye mota. Ciki kuwa cunkoso ne da zafi da warin gumi. Mutane sun yi wa tebura yawa, kowa fuska a murtuke. Ga na'urar can jikin bango, duk ta ƙarje, har da tabon cingam da wani ya taɓa liƙa mata. A gaban idonta wani ya ɗora yatsa ta nuna ja. Sai da ya goge yatsan a wando ya sake, sannan ta nuna kore.

Ta tambayi shugaban ofishin yadda suke ganin na'urar.

"Ranki ya daɗe, masifa ce," in ji shi. "Allah ya isa tsakaninmu da wanda ya kawo ta."

Ma'aikata suka amsa da amin, wasu har da tsaki. Dogon, wanda ke tsaye a gefe, ya buɗe baki zai yi magana, ta ɗaga masa hannu. Ta yi masa kallo ɗaya daga sama har ƙasa, idonta ya tsaya a kan takalminsa, ta taɓe baki. Mutumin da waɗanda ya yi wa aiki ke tsine masa, shi ne har yake da idon neman wani aikin! Ta fice ko sallama babu.

Mai kamfani na biyu kuwa tun a bakin hanya ya tarye ta, yana ta ƙamshin turare. Filin ajiye motoci fayau, direba ya zaɓi inuwar da ya ga dama. Ofishi shiru, iska na kaɗawa, kujeru a jere tsaf. Shugaban wurin ya ce yawancin mutanensa sun fita aikin waje. Na'urar na sheƙi kamar jiya aka kafa ta. Wani akawu na tsaye gabanta yana ta danne-danne, kuma duk dannawa kore take nunawa, ba gardama. Sai-na-gani ta gane don ita ake wannan gwajin, ta kuma yaba da hankalinsa.

"Wallahi ko sau ɗaya ba ta taɓa ɓata mana rai ba," in ji shugaban. "Kullum addu'a muke yi wa bawan Allahn nan."

Da ta koma, wani ɗan kwamiti mai tumbi ya ce ko a kawo na'urorin biyu a gwada su a nan. Ta dube shi har sai da ya sunkuyar da kai. Ita da ta sha rana ta gano da idonta, shi da ko matakala ba ya iya hawa ne zai koya mata aiki? Ta sa hannu a ba kamfani na biyu, sauran suka bi ta kamar tumaki.

Ranar ƙaddamarwa ta zo mata da tsiya. Wuƙa ta yanke ta a kicin, mota ta ƙi tashi, ta iso a makare Minista na jira. Amma da ta ga 'yan jarida da na'urar sanye da jan ƙyalle, sai ranta ya yi fari. An riga an kafa irinta a kowace ƙofa ta gwamnati, kuma duk da sa hannunta.

"Daga yau ba mai sake raina wa gwamnati hankali," ta faɗa da ƙarfi.

Minista ya ce ai ita ta cancanci buɗe fage. Ta buga lambarta cikin isa, ta ɗora babban yatsa. Kore! Wuri ya kaure da tafi, masu hoto suka matso suna roƙon ta ɗaga yatsan a ɗauka.

Ta ɗaga shi sama tana murmushi, a gaban Minista da kyamarori, sannan ta ga abin da kowa ke kallo: yatsan naɗe yake da filasta tun daga tushe har farce, ko ɗigon fata ba a gani.