Gudu Cikin Leda da Rana Tsaka

Duk ƙofar da mai gadin nan zai shiga, tumbinsa ne ke fara sallama. Ya saba da tsokanar abokan aiki, bai taɓa sa ta a rai ba, sai ranar da maɓallin kakinsa ya tsinke a gaban shugabansu, ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin tebur.

Shugaban bai yi dariya ba. "In ɓarawo ya shigo siton nan, da me za ka bi shi? Da wannan randar? Ko ka sauke ta kafin a tantance ma'aikata, ko ka ajiye mana kakinmu."

Mai gadi ba shi da wata sana'a, ga yara a makaranta. Ya koma gida ransa a dagule.

A bayan kasuwar katako akwai wata turba da masu motsa jiki suka mayar tasu. Ta ratsa inuwar ayaba, ta tsallake kwalbati, sannan ta haura wani tudu mai jar ƙasa wanda ko tsiron ciyawa babu a kansa. Masu hankali da sassafe suke bin ta, kowa da gorar ruwansa. Amma mai gadi sauri yake yi, sai aka haɗa shi da wani tsohon mai ɗaga ƙarfe da ya naɗa wa kansa suna Koci, wato mai horarwa. Bai taɓa karanta komai a kan jikin ɗan Adam ba. Abin da ya mallaka usur ne da baƙar magana.

"Masu gudun safe wasa suke yi," in ji Koci. "Kitse ba ya jin lallashi, wuta yake ji. Tuɓe rigar, Baba Tumbi."

Ya naɗe masa ciki da ledar katifa, ya ɗaure da salatif, ya ɗora masa rigar sanyi. Da rana tsaka, lokacin da ƙasa ke tururi, iska ta tsaya cak, suke fita. In sun kai saman tudu, Koci ya farke ledar, zufa ta zubo shaa a ƙasa.

"Ga kitsenka nan ya narke! Ka kuskura ka sha ruwa, ka mayar da shi inda ya fito."

Mai gadi ya gaskata, don kuwa ya gani da idonsa. In jiki ya yi tsami, Koci ya ba shi ƙwayoyin ciwon jiki ya haɗiya da yawu.

Matarsa ce ta fara tsorata. "Baban yara, fitsarinka fa ya koma kamar baƙin shayi. Leɓenka duk ya tsage. Wannan ba motsa jiki ba ne."

"Ke likita ce?" ya daka mata tsawa. "In aka kore ni, ke za ki ciyar da mu? Ki fita idona!"

Duk da haka ta cusa masa gorar ruwa a aljihu. A bakin kwalbati Koci ya hango gorar, ya fizge, ya tuttular a gaban sauran masu gudun da yake horarwa.

"Ku ga ɗan gatan madam! Gobe sai ta goyo ka ta kawo mana."

Aka kwashe da dariya. Kunya ta kama mai gadi, ya fi kowa zafin gudu a ranar.

A tsakiyar tudu zufa ta ɗauke masa ɗif. Kansa ya yi kamar zai tsage, ya fara sambatu yana kiran sunan ƙaramar 'yarsa, sai ya kife. Koci ya tsaya a kansa yana busa usur, yana zungurar ƙafarsa da takalmi.

"Tashi, rago! Raki ne kawai."

Masu yankan katako ne suka hango, suka rugo. Suka ture Koci gefe, suka yayyage ledar, suka kwara masa ruwa, suka sa shi a bayan motar katako sai asibiti.

Likita bai ɓoye wa matar komai ba. "Baiwar Allah, abin da mijinki yake zubarwa ruwan jikinsa ne, ba kitse ba. Zafi da ƙishirwa da ƙwayoyin nan sun taru sun kashe masa ƙoda. Ya tsira da ransa, amma daga yanzu sai inji ya riƙa wanke masa jini."

Ta je ta sami Koci a bakin turba, yana naɗe wa wani sabon mutum ciki. Ko kallon kirki bai yi mata ba.

"Ni na kamo shi? Da ƙafarsa ya zo. Jikinsa ne ba ƙwari. Matsa, kina tare mana hanya."

Aikin gadi tuni aka ba wani. Mai gadi yana kwance a ɗaki, ƙafafu a kumbure. Da yake ƙodar ba ta iya fitar da ruwa, likita ya iyakance masa abin da zai sha. In zafi ya tsananta, sai ya dubi matarsa da busasshen baki.

"Don Allah ki ƙara mini, ko da kurɓi ɗaya ne."

Ita kuwa sai ta juya baya tana kuka, don ta san in ta ƙara masa, ita ce za ta ƙarasa shi.

Jama'a, zufa ba kitse ba ce. Mai son motsa jiki ya fita da sanyin safiya ko na yamma, cikin tufafi marasa nauyi, da ruwansa a hannu, kuma kada ya damƙa lafiyarsa ga jahili don kawai ya rataya usur a wuya.