Kashi Tamanin da Biyu

Balki ta ajiye wata kwalbar man shanu a kan teburin Mourtala, ma'aikacin ɗakin gwaji, ta ce a duba mata ko da guba a ciki.

Kwana shida ke nan da rasuwar ƙanenta Saidou, maƙerin azurfa a tsohon garin Agadez. Ya gama cin shinkafa da man shanu, ya miƙe zai wanke hannu, ya dafe ƙirji ya faɗi. Matarsa Kadidia ta yi ta kururuwa a kansa: "Na kiyaye, wallahi na kiyaye!" Ba wanda ya tambaye ta abin da ta kiyaye. Gobe addu'ar bakwai, kuma Balki ta yi niyyar buɗe baki gaban dangi.

Saidou mutum ne da ba ya cin abinci sai da man shanu. Ba ya kuma faɗa wa ƴan uwansa ciwonsa, ko da na haƙori ne. Kadidia ke haɗa masa man da hannunta, kwalba guda duk mako, ba ta bari kowa ya ɗanɗana.

Wata uku da suka wuce Balki ta laƙaci ɗan kaɗan a ɓoye, ta ɗora a wuta. Man kirki narkewa yake ya koma garau. Wannan ya yi ta tartsatsi, ya bar wani tabo rawaya a gindin cokali. Tun daga ranar ba ta fasa zuwa gidan Saidou ba duk Jumma'a, da ƙunshi a cikin mayafi, daidai lokacin da Kadidia ke fita cefane.

Mourtala ya daɗe a ciki. Da ya fito, takarda guda ce a hannunsa.

"Inna, babu guba."

"Sake dubawa, ɗan nan."

"Sau biyu na duba. Man shanu na gaske, maiƙonsa wajen kashi tamanin da biyu ne cikin ɗari, sauran galibi ruwa. Wannan bai kai goma sha biyu ba. Kabewa ce dafaffiya da kindirmo da garin rogo, sai ɗan mai don ƙamshi."

"Algus ke nan. Ta cuce shi."

Ya girgiza kai. "Mai algus riba yake nema. Wannan wahala ce. Na ga irinsa a gidajen da likita ya ce jijiyoyin zuciya sun kusa toshewa, mai ciwon kuwa ya ƙi barin maiƙo. Duk wadda ta haɗa wannan, so take mutumin ya rayu. In wannan yake ci, ba zan ce mai ne ya kashe shi ba."

Ya juya kwalbar, ya ɗan yi mamaki. "Amma wannan ai ba a taɓa ta ba."

Balki ta karɓi kwalbar ta fita. A hanya Bafillatanar da ke sayar da mai a bakin kasuwa ta ɗaga mata hannu: "Hajiya, na ajiye miki na wannan makon, tsantsa kamar kullum!"

Balki ta isa gida, ta shiga ɗakinta, ta durƙusa, ta ɗaga zanen gado. Sauran kwalabe goma sha ɗayan na Kadidia suna jere, cike fam, kowace tun Jumma'ar da Balki ta ɗauke ta, ta ajiye wa ƙanenta man shanu na gaske a gurbinta.