Takunkumin Oga Silvanus

"Meshak, ka fito yanzun nan! Oba!"

Oga Silvanus, shugaban 'yan kwana-kwana, ya damƙe oba-oba kamar zai fasa ta. Siton citta na bayan tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan yana ci bal-bal da tsakar rana. Meshak, ɗaya daga cikin yaransa, na ciki, sanye da sabon takunkumin numfashi mai rediyo a kunne, guda ɗaya tilo da aka aiko musu daga Kaduna.

Ba amsa, sai tari.

"An ce ba kowa ciki sai wata tsohuwa mai tsintar citta. Ka bar ta, ta ci zamaninta. In takunkumin nan ya narke wa zai ba mu wani? Kana ji na, ɗan banza?"

Rufin kwano ya fara ruftawa. Can sai ga Meshak ya fito yana tangaɗi, fuskarsa a buɗe baƙi ƙirin, da tsohuwa goye a bayansa.

Silvanus ya ci kwalarsa. "Ina kayan gwamnati?"

Meshak ya durƙusa kawai ya sauke ta. Takunkumin yana fuskarta.

Ta zare shi a hankali. Mama Afiniki ce, mahaifiyar Silvanus, wadda yake zaton tana gida a Manchok.

"Na ji ka sarai, ɗana, har cikin kunnena," ta ce, ta jefar da shi a gabansa. "Ɗauki abinka. Bai narke ba."