Idon da Ba Ya Ƙiftawa

Yaya ta sake duba hoton da ke bayan faifan waƙoƙin. Autansu ne, fuska shafe da farin fenti, idanu zagaye da baƙi, ya tsuke baki kamar an yi masa rasuwa. A ƙasa an rubuta sunan da masoyansa suka san shi da shi: Kufai.

Kiɗan ƙungiyarsu, wanda suke kira bilak metal, ba ta taɓa iya sauraronsa har ƙarshe ba. Jita na zuba kamar ruwan sama a kan rufin kwano, ganga na gudu kamar keken ɗinkin da ya haukace, can daga nesa kuma muryar Auta, yana ihu kamar wanda ya faɗa rijiya. Masu sharhi kuwa sun rasa inda za su sa shi don yabo. Wani ya rubuta cewa Kufai ya leƙa bayan taurari, ya ga abin da bai kamata ɗan Adam ya gani ba. Yaya kuwa, wadda ta goya shi, ta san har gobe tsoron kyankyaso yake yi.

Baitocin ne suka tsaya mata a rai. Duk waƙoƙin abu guda suke faɗa: wani ido mai haske da ke rataye a sama ba ya ƙiftawa, wasu halittu marasa baki da hanci da ke sunkuyowa a kansa, wata ƙara siririya da ke ratsa ƙashi, shi kuma yana yawo a sarari ba nauyi, launuka na narkewa, baki a buɗe amma ihun ya ƙi fita.

Ga shi yaron ya canza. Ya daina cin nama, sai shayi da ayaba. Ya daina dariya. Duk ƙarshen wata sai ya fita da hantsi ba sallama, ya dawo idanu a lumshe, leɓe a sake, harshe na harɗewa, ya shige ɗaki ya rufe, washegari ya fito da sabuwar waƙa.

Ta tare mai gangar ƙungiyar a bakin ɗakin da suke gwaji.

"Me yake sha?"

"Wallahi, Yaya, mu ma bai gaya mana ba. Ya ce wuri ne da ba a shiga da aboki. Don Allah ki bar shi tukuna, waƙa ɗaya ta rage faifai na biyu ya cika."

"Kai mahaifiyarka ta san abin da kake yi?"

"Ta ɗauka a banki nake aiki."

Yaya ta riga ta yi magana da wani gidan gyaran masu shaye-shaye, sun ce za su ajiye masa gado. Faifai ko ba faifai, idan ta gani da idonta, ranar za ta kai shi. Ba ta so ta yi wa ƙaninta ƙazafi ne kawai.

Da ƙarshen wata ya zo, ta bi shi a baya. Ya sauka daga bas, ya ɗaga hular rigarsa ya rufe kai, ya waiga hagu da dama, ya bi ta wani lungu ya shiga wani bene ta ƙofar baya. Ta hau matakalar a hankali, takalmi a hannu. Wani wari mai ɗaci ya tare ta. A kan benci mutane na zaune jugum, kowa ya yi tagumi, babu mai kallon wani. Har da wata dattijuwa mai carbi. Yaya ta girgiza kai: ashe abin ya kai nan.

Sai ta ji ƙarar. Siririyar nan, mai ratsa ƙashi, wadda faifan ke buɗewa da ita. Ta tura ƙofar da ƙarar ke fitowa ba tare da ƙwanƙwasawa ba.

Auta na kwance a gincire, an rufe masa hanci da wata roba mai bututun iskar kashe zafi mai sa maye, idanunsa sun ƙafe a kan wata ƙatuwar fitila, wayarsa a kan ƙirji tana ɗaukar sauti. Wani likita mai takunkumin fuska ya ɗago, ya dube ta, ya sauke ajiyar zuciya.

"Ke ce yayarsa? Yauwa. Ki yi masa magana, ko ke zai ji. Wannan haƙorin ma lafiyarsa ƙalau, amma ya rantse ba zai tashi daga kujerata ba sai na cire shi."