Tuffar Don Osvaldo

Wuƙar da suka ba Don Osvaldo Baek ko man shanu da ƙyar take yankawa, amma da ita ya fere tuffar, ɓawon na saukowa a murɗe bai tsinke ba. Ya yanka ta gida takwas, ya jera a faranti, ya tura gaban matar da ke zaune ɗaya gefen teburin. Ta ɗauki yanki ɗaya ta kai baki.

"Tsaya," ya ce. "Kin sake ɓata mini wasa."

Shekara arba'in da ɗoriya ya yi a dandalin wasan kwaikwayo na Buenos Aires. Yana ɗan shekara tara iyayensa suka sauko da shi daga jirgin ruwan da ya taso daga birnin Busan, ya tashi cikin ƙarar kekunan ɗinki a unguwar Flores, da ya girma ya bar wa ubansa almakashinsa ya gudu. Shekara goma ba a sa shi a komai sai ɗan Sin mai kanti, ya yi ta rusunawa ana dariya, har ya gaji ya fara rubuta nasa. Daga nan aka san shi. Wannan shi ne wasansa na ƙarshe, kuma saboda mutum ɗaya ya rubuta shi.

Ranar da matarsa ta cika a asibiti shi yana garin Rosario wurin wasa, fuska cike da hoda, ana tafa masa. Tun safe aka yi masa waya, ya ce bari ya gama wasan ranar. 'Yarsa Yun-hi, mai shekara sha tara, ita kaɗai ta rufe wa uwar ido. Da ya dawo bai ba ta haƙuri ba. Uba a gidansu ba ya faɗin wannan da baki, tuffa yake ferewa ya ajiye gaban wanda ya ɓata wa rai, kowa ya san abin da ake nufi. Yun-hi ta ture farantin ya tarwatse a ƙasa, ta ɗauki jakarta ta fita.

Burinsa ɗaya ne: ranar buɗe wasan ta zauna a sahun gaba, ta ga farantin ya faɗi, ta ga yadda fuskar ubanta ta koma bayan ta juya masa baya. Wannan ne ba ta gani ba ran nan. In ta gani, watakila ta yafe masa kafin ƙasa ta rufe masa ido.

To, amma farantin ya ƙi faɗuwa.

Tun da yake bai taɓa aiki da tarkacen mutane irin waɗannan ba. Ma'aikatan duk riguna shuɗaye iri ɗaya, kullum cikin sauri, ka tambaye su ranar buɗewa su ce sai ka huta tukuna. Sauran 'yan wasan suna can falo suna gyangyaɗi gaban talabijin. Takardun wasan kuwa ya ajiye su wani wuri, sun ƙi ganuwa. Ita wannan da aka kawo masa a matsayin Yun-hi ta ba hamsin baya, ga furfura a gefen kunne. Sau nawa yana cewa a nemo yarinya, amma ita ce dai ke shigowa kullum ƙarfe huɗu na yamma, sunanta ma ya ƙi zama masa.

"Baiwar Allah, yunwa kike ji ne? In yunwa ce a sayo miki burodi. Turewa aka ce ki yi."

"Na ji, Malam."

"Jiya ma kin ji. 'Yata ba ta ci ba. Ko kallonta ba ta yi ba."

"In da yanzu ne fa? Ƙila ta ci."

Ya yi dariya mai ɗaci. "Ke kika san ta ko ni?"

Ya sake tura farantin. Ya sunkuyar da kai yadda ya yi ran nan, yana jiran ƙarar fashewa. Shiru. Da ya ɗago, ta cinye biyu tana kan na uku, hawaye na bin haɓarta. Kukan ma ba a wurin da ya rubuta shi ba.

Nan ƙarfinsa ya ƙare. Ya ji tsoro sosai, irin wanda bai taɓa ji a kan dandali ba: lokaci na tafiya, wasa bai tsaya ba, Yun-hi ba za ta taɓa sani ba. Ya ce a tashi, gobe a sake. Matar ta goge masa haɓa, ta gyara masa bargo a gwiwa, ta fita.

Ƙofar ba ta rufu duka ba. Ya jiyo Nélida, ɗaya daga masu shuɗiyar riga, ta tare ta a waje. Bai kasa kunne ba, hirar 'yan wasa ce.

"Ki ture masa mana sau ɗaya, ko hankalinsa ya kwanta. Wata bakwai ke nan."

"Na ture sau ɗaya ina shekara sha tara," in ji matar. "Ba zan sake ture wa babana faranti ba."