Wayar Da Bajamushe Ya Ɗaura

Mutumin ya rungume ginshiƙin hasumiyar da hannu biyu, ya rantse ko yanka shi za a yi ba zai saki ba.

Amauris ya ji kansa na sarawa. Shekaranjiyan nan shi ne jagoran ayarin bagi, 'yan motocin nan marasa gilashi da baƙi ke biyan kuɗi don su yi wanka da laka a cikinsu. Tsautsayi ya sa ya yanke da ayari ta gonar wani, wata amarya 'yar Kanada ta ƙare a kwatamin aladu, ita da farin wandonta. Doña Milagros, mai wurin, ba ta kore shi ba, albarkacin tsohon cikin matarsa Yudelka. Sai ta tura shi sama, wurin wayar lilo, inda ake ɗaure mutum da ɗamara a sake shi ya tsallake kwari yana ihu.

Da safen nan ta kira shi. "Akwai wanda zai hau doguwar wayar kafin motar baƙi ta iso daga Bávaro. Ni ina ƙetare ina jira. In bai tsallako ba, ka ajiye mini rigar aiki ka kama hanyar gidanku."

To, ga wanda zai hau ɗin. Don Genaro sunansa, ƙato mai furfura, hular kwano ta zauna masa a ka kamar an kifa ƙoƙo a kan kabewa. Idonsa jajir, farcensa baƙi ƙirin da mai. Amauris ya ɗauka wani ɗan'uwan Doña ne daga ƙauye, irin masu zuwa cin banza su bar mutum da wahala.

Matsorata kam ya sha ganinsu, ko a bagi. Kowa abin da ke gabansa yake tsoro, rami ko gangara. Wannan ko leƙa kwarin bai yi ba. Sama yake kallo, inda aka naɗe wayar a jikin ginshiƙi, yana motsa baki.

"Baba, dubi wayar nan fa," in ji Amauris. "Sabuwa fil, sai ƙyalli take. Da guguwa ta tsinke tsohuwar aka sa wannan. Yau kaɗai mutum nawa suka wuce ta kanta."

"Ƙarya kake, ɗana."

Ƙaryar ce kuwa, amma ina tsohon ya sani? Sai Amauris ya ƙara mata gishiri. "Wani injiniya ne ya ɗaura ta, Bajamushe, takanas aka ɗauko shi a jirgi. Mutumin da ko murmushi ba ya yi. Giwa ma za ta ɗauka!"

"Bajamushe?" in ji Don Genaro. Sai hawaye shar. Ya shiga kiran Maryamu ta Altagracia, uwar Yesu, yana yi mata alkawarin kyandir mai tsawonsa.

Oba-oba ta yi ƙara a ƙugun Amauris, muryar Doña ce. "Ina yake? Direba ya ce sun wuce gidan mai!"

Ya gwada lallashi. Ya gwada gori, ya ce jiya wata tsohuwa mai sanda ta hau gajerar wayar tana waƙa. Ya yi masa alkawarin kofi da soyayyar ayaba a ƙetare. Da ya kai hannu zai ɓamɓare shi daga ginshiƙin, wani ƙarfe ya zame daga aljihun tsohon ya buga katako, ya gangara ƙasa. Amauris bai ko waiwaya ba. Can nesa, ta tsakanin bishiyoyin kwakwa, ya hango rufin motar baƙi. Da wane ido zai dubi Yudelka?

"Shi ke nan, Baba. Ni zan fara. In ka ga na isa lafiya, za ka biyo ni?"

Karo na farko ke nan da tsohon ya dube shi sosai, tun daga kafaɗa har takalmi, kamar mai taya rago. "Ai ka kusa nauyina," ya ce a hankali. "Na rantse zan biyo ka."

Amauris ya maƙala masa ƙugiyarsa a jikin waya, ya maƙala tasa a gaba, ya daka tsalle. Iska ta cika masa baki. Wayar ta yi wani kuka a tsakiya, ta lotsa, ta miƙe. Shi kuwa har da buɗe hannuwa yana ɗaga wa tsohon.

Ƙafarsa na taɓa dakalin ƙetare ya ji ihu daga baya: "Ta riƙe! Wallahi ta riƙe!" Sai ga Don Genaro tafe a sama, yana dariya yana kuka. Yana sauka ya rungume Amauris ya sumbaci goshinsa.

Amauris ya gyara wuyan riga, ya juya ga uwar ɗakinsa baki har kunne. "Ga shi nan, Doña. Na kawo miki shi."

Doña Milagros ba ta yi dariya ba. Fuskarta ta yi fari fat, hannunta dafe da ƙirji.

"Aikinka na nan, sakarai. Amma wa ya aike ka ka riga shi? Ba ka san dokata ba? Wanda ya ɗaura waya shi ke fara hawanta. Wannan ai mai gyaran bagi ne daga wani gari, a daren jiya ya gama ɗaura ta, kuma ita ce ta farko a rayuwarsa."