Ranar da Bakin Ɗankande Ya Buɗe

Saura wata guda Babbar Sallah bakin Ɗankande ya ƙi buɗuwa. Alimatu ta kawo masa abincin safe kamar kullum, ya dubi kwanon, ya dube ta, yawu na dalala, haƙora a sarƙe.

Hankalin gidan ya tashi. Ɗankande baƙo ne, daga Burkina ya zo a bayan babbar mota, amma cikin wata bakwai ya zama ɗan gida. Zubeiru, mijin Alimatu, ba ya tafiya shagonsa na walda sai ya leƙa shi. Maƙwabta a unguwarsu ta Kasalgu har tsegumi suke yi, wai ya fi 'ya'yan gidan ƙiba.

Dokta Bashiratu ta iso a kan babur, ta lalubi muƙamuƙinsa, ta gano inda wata tsohuwar waya ta soke shi har wurin ya kumbura.

"Sunan wannan tirismus," in ji ta.

"Ma'ana?" Alimatu ta tambaya.

"Naman muƙamuƙi ya ɗaure, baki ba ya buɗuwa."

"Dokta, wannan kam mun gani tun ba ki zo ba."

Aka yi masa allurai. Da la'asar limamin unguwa ya shigo dubiya, ya duba idanunsa da ƙafafunsa, ya girgiza kai. "A haka dai ba zai yiwu ba, Zubeiru. Sai ya warke sarai kafin Sallah." Zubeiru ya yi salati, don ba shi da wani sai Ɗankande.

Aka shiga jinya. Alimatu ta riƙa dama koko ruwa-ruwa tana ɗura masa da sirinji ta gefen baki, sau biyar a rana. Ko lokacin da Zubeiru ya kwanta zazzaɓi bai samu rabin wannan gata ba, kuma ya faɗa mata haka. Shi dai majinyacin bai taɓa ƙorafi ba.

A kwana na sha biyu bakin ya ɗan saki. Kafin jajibirin Sallah ya koma cin abinci har yana ture kwano. Alimatu ta rangaɗa guɗa, ta share hawaye da bakin mayafi. Liman ya dawo, ya zagaya shi sau biyu, ya ce, "Alhamdu lillahi, babu aibi ko ɗaya."

Ranar Sallah da aka sauko daga Idi, Zubeiru ya kwance masa igiya, ya kama ƙahonsa, ya fuskantar da shi alƙibla, ya ce Alimatu ta miƙo wuƙa.